Shekarar da Na Kasa Amsa Roƙon Ruwa

Na sha jin kuna faɗa wa junanku, har kun fara faɗa wa ƴaƴanku, wai ban zama malamar lakwal ba don na ji tsoron jarrabawar konkur na gudu daji. Wanda ya fara ba ku wannan labari ya rasu, ba zan kama sunansa ba, amma ƙarya ya yi muku. Ban taɓa jin tsoron takarda ba. A ajinmu na kwalej mu huɗu ne mata, kuma ni nake gyara wa mazan lissafi, ba a ɓoye ba. Abin da ya faru daban ne. Zan rubuta shi yadda ya faru, har da wuraren da laifin nawa ne, don ku daina ƙara masa gishiri.

Ba a daɗe da sauke tutar Nasara ba. Na gama birwe, jarrabawar ƙarshen kwalej, na dawo Dakoro ina jiran konkur ɗin shiga makarantar horon malamai, wanda za a yi a Maraɗi. Kamyo ɗaya, babbar motar kaya, ke zuwa garinmu a mako, ya kwana ran kasuwa, ya juya da safe. Wanda ya rasa kamyon da zai kai shi a kan lokaci ya rasa shekara. Ni kuwa ba shekara kaɗai zan rasa ba, don Mushe, daraktan lakwal, makarantar bokon garinmu, ya gaya mini shekaruna sun kai iyaka, baɗi ba za a karɓi sunana ba. Saura kwana goma sha biyar wannan kamyo ya tashi, ran kasuwa, na je sayen man shanu, sai mai man ta tsura mini ido har na ji haushi.

"Ke ce ɗiyar Sumaye?"

Na ce ni ce. Sumaye mahaifiyata ce, Bafillata. Baba ya sake ta ina shekara huɗu, ta koma wurin danginta arewa ta yi wani aure, ni aka bar ni hannun Kaka Tasalla, uwar Baba. Ba wanda ya hana a yi maganarta a gidanmu, ba a dai yi. Ko fuskarta ban riƙe ba.

"Idonta shina tahiya," in ji mai man. "Na hagu ya mutu, na dama saura kaɗan. Suna wajen Tagiris, rijiya ta ƙarshe a bakin kwari. Ruwa na faɗuwa sun tashi, daga nan sai inda ciyawa ta kai su."

"Ita ta ce in zo?"

"Ba ta ce ba. Ni na ce."

Na dawo gida ban sayi man ba. Na iske Baba a zaure yana duba bakin buhunan gero, na faɗa masa kai tsaye, yadda nake faɗin komai a lokacin. Bai ɗago ba. Ya ce raƙumansa sun yi kudu da hatsi, jakin gida yana kai taki gona, kuma ba namijin da zai bar sharar gona a bakin damina ya raka ni yawo. Na ce ba yawo ba ne. Ya ce bai hana ni ba, bai kuma aike ni ba. Abin da nake da shi na kaina kuɗin kamyo ne kawai, yana ƙulle a bakin zanen Kaka, kuma in na taɓa shi don hayar raƙumi to ba Maraɗi. Saboda haka ƙafa ce, kuma ni kaɗai. Ni da tafiyata mafi nisa a ƙasa ba ta wuce daga gida zuwa gonar Baba ba.

Da safe na tafi wurin Mushe na roƙi aron kart ɗin da kumandan Nasara ya bari a lakwal, wata babbar takarda mai zanen ƙasarmu. Ya ba ni da sharaɗin kada ta jiƙe, ya kuma tuna mini ranar kamyo sau uku kamar ni ce mai mantuwa. Na shimfiɗa ta a tsakar gida na danne kusurwoyinta da ƙoƙuna. Kwarin Tarka ya fito a kanta kamar jijiyar bayan hannu, rijiyoyi kuma ɗigo-ɗigo shuɗi a gaɓarsa. Na zaro zare daga bakin zanena na auna, na raba, na sake aunawa. In na bi gaɓar kwarin ban kauce ba, kwana biyar zuwa, biyar dawowa. Na ɗauko kaye, littafin rubutuna, na rubuta komai: inda zan kwana, inda zan cika gyandama, tafiya daga asuba zuwa hantsi, hutu, sannan daga la'asar zuwa magariba. Na rubuta har yawan dunƙulen tukuɗi da zan ci a yini. Da na gama sai na ji kamar na riga na je na dawo. Kaka ta zo ta tsaya a kaina.

"Madam, mi kike nema a ƙasa? Allura ta faɗi?"

"Hanya nike aunawa."

"Da zare?"

"Da zare."

"To in kin gama ki auna mini Makka, in ga ko zan iya." Ta durƙusa da ƙyar ta dangwala yatsa a kan ɗigo ɗaya. "Wanga shuɗin fa?"

"Rijiya ce."

Ta kai yatsan bakinta ta lasa. "Ba ruwa."

Na ce mata ba wasa nake ba. Ta ce ita ma. Ta ce takardata ta san inda rijiya take, amma ba ta san wanda zai ara mini guga ba. Ɗiya mace ita kaɗai, ba miji ba wa, ta iso gari da la'asar, ƙofar wa za ta yi sallama? Na ce gidan maigari.

"Shi tambaye ki ɗiyar wa, mi ya hiddo ki. Shi aje ki a ɗakin matarshi, shi aiko Dakoro a tambaya ko gudowa kika yi. Kwana nawa ke nan a zarenki?"

Na shiga naɗe zarena a yatsa. Kaka ta ce hanya ɗaya ce: in zama mai kai sallahu. Kowane gari da zan kwana, akwai wani a Dakoro da ke da ɗa ko ƙanwa a can, kuma akwai abin da yake so a kai musu. In na iso da saƙon uwa ga ɗiyarta, ba mai tambayar abin da ya kawo ni. Za a ba ni ruwa da tabarma, da safe a nuna mini hanya, ba ko tamma. Na ce to a aika a tambaya yau, gobe in tashi. Ta dube ni kamar na ce a dafa dutse. Ba a aikawa karɓar sallahu, zuwa ake yi, a gaisa.

Kwana uku muka yi muna wannan gaisuwa, kuma kowace rana sai na ji ana yankar ta daga jikina. Da asuba nakan ɗauki gyandama da ƙunshin yashi daidai nauyin guzurina in bi hanyar Ajekoriya don in gwada ƙafata. Ranar farko na sa takalmin lakwal na zane, kafin hantsi ya sale mini dugadugai, ruwan kuma na shanye shi tun ban juyo ba. Na dawo ina ɗingishi, na ɓoye ƙafar kada a gani, na koma faɗe irin na kowa. Rana ta biyu na koyi riƙe ruwa a baki kafin in haɗiye. Da hantsi kuma sai in bi Kaka gida-gida. A shiga, a shimfiɗa tabarma, a tambayi lafiyar kowa har da wanda ya mutu bara, a dama fura, sannan Kaka ta ce, kamar yanzu abin ya faɗo mata, ai yarinyar nan za ta bi ta wajen su wance. Ni ina zaune ina kallon inuwa tana gajarta. Aka ba ni goro a ganye na kwanan farko, allurai da shuni na kwana na biyu, taba da kanwa na wani zangon Buzaye inda zan yi kwana na huɗu. Duk marasa nauyi, na yi hamdala.

Saura kwana na uku, wani ƙauye da ake kira Maiƙirya. Wadda ke da ɗiya a can wata tsohuwa ce a bayan kasuwa, Gwamma. Da ta ji inda za ni sai ta tashi da rawar jiki ta shiga ɗaki, ta daɗe, ta fito rungume da abu a tsumma. Ɗan dutsen niƙa ne. Ta ce na uwarta ne, na Hajo ɗiyarta ya tsage tun kaka, kuma duk wanda ta samu mai zuwa can sai ya ce kayansa sun yi yawa. Na ɗaga shi. Ya fi guzurina duka nauyi.

"Iya, wanga ba shi ɗaukuwa."

"Ai ke yarinya ce."

"Yarinya ce ni, ba jaka ba."

Gwamma ta karɓi dutsenta ta mayar cikin tsumma a hankali, ta ce ba komi, Allah shi kiyaye hanya. Muka kamo hanyar gida. A bakin ƙofa Kaka ta ce, "Ƙofa huɗu na nema miki, kin rufe ɗaya da bakinki." Na ce ba sai na kwana Maiƙirya ba. Kart ta nuna rijiya a gabanta kaɗan, inda rijiya take kuwa akwai makiyaya, zan kwana kusa da matansu. Na faɗa da ƙarfi don in ji ko zan yarda da kaina.

Abin da ya fi damuna a kwanakin nan ba kura ba ne, ba kuma ƙishirwa ba, ko da yake ina tunaninsu. Sama ce. Kowace la'asar sai gajimare ya taru a gabas, gari duka a fito ana kallo, ni ma in fito. Su suna jira ya matso, ni ina jira ya watse. In ya watse sai in ji maƙwabta suna tsaki, ni kuma numfashina ya dawo, sai kunya ta biyo baya. Ana gobe zan tashi aka yi shelar roƙon ruwa. Gari ya fita filin idi, maza a gaba, mu mata da tsofaffi a baya, ƙasa tana ƙona ƙafa. Liman yana roƙo, amin tana tashi daga gaba ta zo ta wuce ta kanmu. Na ɗaga hannu kamar kowa, amma bakina ya ƙi buɗewa. Ga Baba can da irin shukarsa a rumbu, ga Gwamma, ga mutanen da suka sayar da akuyarsu ta ƙarshe, kowa na neman ruwa yau. Ni a cikina cewa nake, ya Allah kwana biyar kawai, in isa tukuna. Muna komawa Kaka ta riƙo hannuna.

"Ban ji amin ɗinki ba."

"A zuci na ce."

"Allah shina jin ta zuci. Shi ya sa na tambaya."

Na tashi da asuba, saura kwana goma sha ɗaya: biyar zuwa, biyar dawowa, ɗaya ta zama da ita. Kaka ta ɗaura mini kaya a ka, ta gyara gammo sau biyu ba don ya karkace ba. Baba ya fito daga masallaci ya tsaya nesa kaɗan, ya ce kada in yi tafiya rana tsaka. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Kwana biyun farko sun tafi yadda Kaka ta faɗa, abin da ya ba ni haushi ya kuma kwantar mini da hankali. Ina bin gaɓar kwari, yashi a dama, aduwa da magarya a hagu, ba motsin komai sai ƙarar faɗena, har nakan waiga ina zaton wani ke bina. Sau ɗaya na gamu da wani mai raƙumi da rawani har ido. Ya tsaya ya tambayi ina za ni, na ce saƙon wance nake kai wa ƙanenta. Ya ce ya san shi, ya nuna mini gajeriyar hanya ya wuce. Inda na kai goro aka yanka mini zabo. Inda na kai allurai matan gidan suka sa na karanta musu wata takardar haraji da ta shekara a cikin tukunya. Kowace yamma ina duba gabas, kowace safiya ina taɓa ƙasa in ji ko ta yi sanyi.

Rana ta uku da la'asar na hango rumbunan Maiƙirya. Gyandamata saura kaɗan. Na tsaya a bayan wata ƙirya ina jin dakan mata, na san ɗaya daga cikinsu Hajo ce. Da na shiga na ce ni ce wadda ta ƙi ɗauko dutsenki, ba ni ruwa, da an ba ni. Na san haka har a lokacin. Kunya ce ta hana ni, na kira ta sauri. Na kewaye garin ta cikin gonaki kamar ɓarauniya, na nufi ɗigon da ke kan kart. Na same shi dab da magariba, daidai inda zarena ya ce. Rami ne da ya rufta, yashi ya cika shi har baki, itacen da ake rataya guga ya faɗi gara ta cinye. Ba makiyayi, ba ko kashin akuya sabo. Yadda na kwana a wurin ba zan ba ku labari ba. Gari na wayewa na juyo baya, na iso Maiƙirya da hantsi harshena ya kumbura, ina ganin rumbu ɗaya kamar biyu. Wata mace gajera mai faɗin kafaɗa ta aje taɓarya ta zo ta tare ni.

"Ke ce Madam ɗin Tasalla? Tun jiya muke jiranki, na dama hura har ta yi tsami."

Ta zaunar da ni a inuwa, ta riƙa ba ni ruwa da ludayi kaɗan-kaɗan, in na kai hannu ga ƙwaryar ta buge hannun. Sai da na iya magana ta ce, "Ina dutsena?"

Na sunkuyar da kai.

"Na ji. Wani mai shanu ya riga ki isowa da labari. An ce kin ce ke ba jaka ba ce." Ta sake cika ludayin. "Gaskiyarki. Jaka ba ta wuce gari da ruwa a cikinshi."

Matan suka yi dariya, ni ma da ina da ƙarfi da na rama. Na so in tashi da la'asar, na miƙe, ƙasa ta juya da ni, na yi amai. Hajo ta ce ba inda za ni. A nan ranar zamana da mahaifiyata ta tafi, a kan tabarmar matar da na ƙi yi wa alheri. Kafin rana ta faɗi iska ta juya, hadari ya haɗu a arewa baƙi ƙirin, walƙiya tana tsaga shi. Ruwan bai iso Maiƙirya ba sai ƙamshinsa, amma kowa ya ga inda ya sauka. Mata suna guɗa, maza suna fiddo kayan shuka. Hajo ta dube ni, ta daina murmushi, ta ce wataƙila su mahaifiyata ba su tashi nan da nan ba. Ita ma ba ta yarda da abin da ta faɗa ba.

Kwana biyun da suka biyo ba na tuna komai nasu sai danshin yashi a ƙafata da sauri. Na kai taba da kanwa, na kwana, na wuce. Ranar ta shida da la'asar na iso rijiya ta ƙarshe. Rugar ba kowa. Ga da'irar inda bukkoki suka tsaya, ga toka da ruwa ya daka, ga sawun shanu ya yi arewa kamar an ja buhu. Na aje kayana a tsakiyar wurin na tsaya, ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Can sai na ji kukan akuya. A bayan rijiyar akwai bukka ɗaya ta wani tsoho Buzu mai gadin rijiyar, a ƙofarta mata biyu zaune. Ɗaya tsohuwa ce, matarsa. Ɗayar doguwa, siririya, da igiyar akuya a hannu. Tsohuwar ta yafito ni.

"Sannu da hanya. Ga ta nan."

Na durƙusa a gaban doguwar na ce, "Inna."

Ta kau da fuska wajen akuyar. Ta ce da tsohuwar, da Hausarta mai karyewa, "Ki ce ma baƙuwa ta zamna. A ba ta nono."

Na zauna, na sha. Na ce mata ni ce, na faɗi sunana. Ta ce da tsohuwar ta tambayi baƙuwa ko mutanen gida suna lafiya. Na amsa mata ita, ta sake aiko tambaya ta bakin tsohuwar, ko an yi ruwa a kudu. Haka muka yi ta yi, mu uku a kan tabarma ɗaya, magana tana zagayawa kamar ana ba maras lafiya magani. Ba wai ban san al'adar ba. Ni ce ta fari, uwa kuwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta sake masa fuska gaban mutane, Fulani kuma sun fi kowa riƙe wannan. Kaka ma ban taɓa jin sunan Baba a bakinta ba. Amma a zatona kwana shida a ƙasa sun isa a ɗage mini. Da na ga rana tana sauka, yinin da ba ni da wani bayansa, sai bakina ya riga ni.

"Kwana shida nike tahiya. Na kusa mutuwa da ƙishirwa. Gobe da asuba zan juya. Ki dube ni ko sau ɗaya da idon da ya rage miki."

Tsohuwar ta ce subhanallahi a hankali. Mahaifiyata ta laluba bayanta ta jawo wani ƙoƙo na man shanu, ta laluba gabanta har ta samu ƙafata. Ta cire faɗen. Ta bi tafin da yatsa, duk inda ta ji ƙaya ta tsaya ta matse ta fito da ita, ta shafa mai, ta koma ɗayar. Ta daɗe tana yi, fiye da yadda ƙayoyin suka kai. Fuskarta tana wajen akuya har ta gama.

Da asuba na ɗaure kayana na je rijiya cika gyandama. Tsohuwar ta biyo ni, ta karɓi gugan tana ja mini.

"Shekaranjiya suka tashi," ta ce. "Labarinki ya riga ki zuwa. Ta ce ma mijinta ƙafarta na ciwo, su tahi za ta biyo. Ba abin da ya samu ƙafarta. Shi ko bai jira ba, shanu ba su jira."

"Wa zai kai ta?"

"Akuya ta san warin garke. Ita kuma tana jin sawu da ƙafa."

"Kwana nawa ne?"

"Sun ce za su tsaya tabkin farko. Mai ido, kwana biyu. Ita, Allah ya sani. Da ni da tsohona muna da gwiwa da mun kai ta."

Kada wani ya ce muku ban san abin da nake yi ba. Na sani sarai, lissafi ne aikina. Kwana biyar suka rage mini, hanyar Dakoro kwana biyar ce cif. In na yi arewa ko da yini ɗaya ne, kamyo zai tashi ba ni, Mushe zai soke sunana, shekarun da na yi ina cin tuwon makarantar kwana sun tafi ke nan. Haka kuwa aka yi, kun sani, kuma Mushe bai sake yi mini magana ba sai ranar da na mayar masa da takardarsa. Na buɗe kart a bakin rijiyar don in ga ko akwai wata dabara. Rijiyar da nake tsaye a kanta ita ce ɗigo na ƙarshe, sama da ita fari ne fat har bakin takarda. Na naɗe ta. Na ɗora kayana a ka, na fuskanci kudu. Wannan ma ku sani, kudu na fara fuskanta.

Mahaifiyata ta riga ta shirya. Ƙwarya ɗaya a ka, igiyar akuya ɗaure a wuyan hannu. Ta yi wa tsohuwar godiya, sannan ta ce, "Ki ce ma baƙuwa ta gaida gida. Ki ce kada ta tsaya, an ce tana da mota."

Ta juya ta kama hanya. Na tsaya ina kallonta. Ta yi taku kamar ashirin, akuyar ta hango ganye ta ja ta gefe, ta shiga cikin wata ƴar ƙaya. Ta tsaya, ta cire zanenta daga ƙayar, ta shafa ƙasa da ƙafa hagu da dama har ta samu sawun shanu, ta gyara, ta ci gaba. Taku goma, akuyar ta sake ja. Ina so in ce muku tausayi ne ya motsa ni, amma na ce ba zan ƙara gishiri ba. Haushin jinkirinta ne. Ban taɓa iya kallon mutum yana yin abu a hankali ba. Na bi ta da sauri, na kwance igiyar daga hannunta na ɗaura a nawa, na kama bakin gyalena na cusa mata a tafin hannu.

"Riƙe nan. Kina ɓata mana lokaci."

Ta riƙe. Muka bi sawun, ni a gaba, ita a baya, akuya a gefe. Muka hau tudu muka gangara, rijiyar ta ɓace, ba tsohuwa, ba kowa da za a aika da magana. Mun yi nisa ina jin gyalen yana miƙewa yana sakewa a kafaɗata. Can na ji ta yi gyaran murya. Ta juya wajen akuyar.

"Ki ce mata ta rage sauri."

Na rage.